Daga Kano zuwa Jidda: Nisan da Ba a Auna Shi da Kilomita Kaɗai

A aikina na rediyo, duk shekara idan aka fara jigilar maniyyata, tambayar da masu sauraro suka fi yi mini ita ce: awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka Jidda? Amsar ba ta da wuya. Daga Kano, tazarar ta sama kusan kilomita 3,400 ce, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga Yamai kuwa ta kai kimanin kilomita 4,000. Sai dai ni a ganina wannan lissafi bai faɗi komai ba game da abin da ke ƙarƙashin fukafukan jirgin.

Kakanninmu da ƙafa suka auna wannan nisa. Mutum zai bar Damagaram ko Katsina, ya ratsa Barno, ya bi ta Abeche, ya shiga Darfur, ya wuce Alfashir da Al'ubayyid, har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a yada zango a yi noma ko dako, a tara abin ci gaba. Shi ya sa hajji ɗaya kan ci shekaru, wasu ma ba su ƙara ganin gida ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Yawancin Hausawan Sudan 'ya'yan wannan hanya ne.

Jirgin sama ma sawun alhazai ya fara bi. Jiragen farko da suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan Ingila, daga Masar suka taso ta Sudan, cikin ƙasa da mako ɗaya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana sauka a zangunan da ayari ya sani. Da injuna suka ƙara ƙarfi, aka daina saukar. Mun sami sauƙi, alhamdu lillahi, amma tunda zumunci a ƙafa yake, sai muka riƙa wuce 'yan'uwanmu ta sama ko gaisuwa babu.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Dole jiragen alhazai suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda take. Zaman lafiyar mutanen da ke tsakani ne ya rasu, kuma cikinsu akwai jikokin waɗanda suka tsaya neman guzuri.