Asalin Mando, Ƙofar Kaduna ta Yamma

Mando ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada irin ta Zariya ko Katsina. Mai son sanin asalinta sai ya faro daga Kaduna, domin hanya da soja ne suka kafa uwar, su ne kuma suka raini 'yar.

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki na arewacin kogin Kaduna daji ne da gonaki. Gwarawa na zaune a ƙauyukansu suna noman doya da dawa, Fulani na ratsawa da shanu, ƙasar kuwa ta Sarkin Zazzau ce. Da Turawa suka ci Arewa, Gwamna Lugga ya zauna a Zungeru, amma zafi da sauro suka hana su sakat. Ana nan sai layin dogo ya tsallaka kogin Kaduna, ya isa Kano a 1911. Lugga ya duba, ya ga ga ruwa, ga jirgin ƙasa, ga fili, kuma babu wani babban sarki a kusa da za a riƙa goga kafaɗa da shi. A 1913 aka kwaso sojoji daga Zungeru, a 1917 Kaduna ta zama hedikwatar Arewa.

To, gari in ya kafu sai ya nemi ƙofofi. Ta arewa ita ce Kawo, inda hanyar Zariya ta fita. Daga nan wata hanya ta karkata yamma, ta bi ta Buruku da Birnin Gwari da Tegina, ta tsallaka kogin Kwara a Jebba, har Ilori da Legas. A bakin wannan hanya, wadda har yau tsofaffin direbobi ke ce mata hanyar Legas, Mando ta yi girma. Inda mota ke tsayawa kuwa, nan mai shayi ke kafa tebur, mai faci ya jingine tayoyinsa, 'yan kamasho su cika wurin da kiran fasinja. Mai tebur ya yi rumfa, mai rumfa ya sayi fili ya gina ɗaki biyu, ya aika gida a kawo masa iyali.

Sai soja suka ƙara mata jama'a. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Najeriya da taimakon Jamusawa, sansaninta na Kaduna kuwa yana jikin Mando. A wannan shekara dai aka buɗe makarantar horar da hafsoshi, wato NDA, wadda shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya Varma. Da mazauninta na cikin gari ya yi mata kaɗan, sai aka gina mata na dindindin a Afaka, gaba da Mando kaɗan. Babban filin jirgin saman Kaduna ma ta nan ake zuwa masa, kuma a Mando sansanin alhazai yake. Lokacin tashin maniyyata, ka je ka ga 'yan rakiya sun shimfiɗa tabarmi, masu sayar da jaka da buta da silifa sun yi layi, a ganina babu kasuwar da ta kai wannan armashi a duk shekara.

Hanyar da ta kawo arziki ita ce kuma ta kawo tashin hankali, da dajin Birnin Gwari ya cika da 'yan bindiga. A watan Maris na 2021 suka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, a watan Agusta kuma suka shiga NDA kanta. A waɗannan shekaru direbobin Birnin Gwari kan taru da safe su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanya, wasu motocin Legas kuma suka koma zagayawa ta Abuja.