Ɗan kama

ɗan kama (suna, namiji, jam'i: 'yan kama)

1. Mai sana'ar ba jama'a dariya da baki da kwaikwayo a kasuwa ko gidan biki. An san 'yan kama da juya waƙoƙin manyan makaɗa da salon karatun malamai, su mai da su yabon tuwo da fura da nama. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shigar da wannan juyin waƙa cikin finafinan Kano.

2. (faɗaɗa ma'ana) Matashi mai barkwanci shi kaɗai da makirufo. Yakan fara gwada zancensa a teburin mai shayi, inda ba a yi wa kowa kara. Labarin da aka yi shiru a kansa sai ya rage masa tsawo, ko ya ɗan dakata kafin ya saki kalmar ƙarshe, domin a dakatawar nan dariya take. Daga nan sai dina, ladansa liƙi da shinkafa a leda.

Misali: "Malam, yaron nan ɗan kama ne, har uwar amarya sai da ta yi hawaye."

Duba: barkwanci, ɗan gambara.