Cibiyoyin kula da masu korona mai daɗewa a Ingila

Cibiyoyin kula da masu korona mai daɗewa sassa ne na musamman da Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS, ta buɗe a Ingila domin mutanen da alamomin COVID-19 suka ƙi barinsu bayan ƙwayar cutar ta wuce. Aikinsu shi ne bincikar majiyyaci, da tabbatar da cewa ba wata cuta ce daban ke damunsa ba, sannan a taimaka masa ya koma harkokinsa. Sukotland da Wales da Ayalan ta Arewa kowacce tana da nata tsarin.

Ma'anar ciwon

A watan Disamba 2020, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta raba ciwon gida biyu: alamomin da suka kai mako 4 zuwa 12, da waɗanda suka zarce mako 12 ba tare da an gano wani dalili daban ba. Alamomin da aka fi gani su ne gajiya mai tsanani, sarƙewar numfashi, mantuwa da wahalar tattara hankali, ciwon gaɓoɓi, bugun zuciya da sauri, da gushewar jin ƙamshi. A watan Maris 2023, Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 a Birtaniya sun ce suna fama da ciwon.

Tarihi

A watan Oktoba 2020, NHS ta ware fam miliyan 10 domin kafa cibiyoyin, kuma zuwa watan Disamba an sanar da guda 69. A watan Yuni 2021 aka ƙara fam miliyan 100: miliyan 70 domin faɗaɗa cibiyoyin da buɗe sassa 15 na yara, miliyan 30 kuma domin likitocin unguwa. Daga watan Afrilu 2024, alhakin tsara wannan hidima ya koma hannun hukumomin lafiya na yankuna.

Yadda ake samun kulawa

Yawanci majiyyaci yana farawa ne daga likitan unguwarsu. Likitan zai saurari tarihin ciwon, ya auna hawan jini da iskar da ke cikin jini, ya sa a yi gwajin jini, a kuma ɗauki hoton ƙirji idan matsalar numfashi ta daɗe. Dalili shi ne ƙarancin jini, ko ciwon zuciya, ko na huhu, duk suna iya kama da wannan ciwo. Bayan haka ne ake tura majiyyaci cibiyar. Ƙa'idar NICE ta hana a ƙi karɓar mutum don kawai ba shi da shaidar gwajin korona, domin a farkon annobar mutane da yawa sun kamu ba a gwada su ba.

Irin taimakon da ake bayarwa

Cibiyoyin ba su da wani magani guda da ke kawar da ciwon, don haka kowace alama ake bi da abin da ya dace da ita. Ma'aikatan sun haɗa da likitoci, ma'aikatan jinya, likitocin gashi da motsa gaɓoɓi, da masana halayyar ɗan Adam. Ana koya wa majiyyaci atisayen numfashi, da gyaran barci, da yadda zai koma wurin aiki ko makaranta sannu a hankali.

Babban darasi shi ne tattalin ƙarfi. Wasu majiyyata, idan suka yi aikin da ya fi ƙarfinsu, ko da ɗan wanki ne ko doguwar hira, ciwon yakan taso musu bayan kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ake koya musu su rarraba ayyukan yini, su huta tun kafin gajiya ta kama su. Irin wannan tasowar ciwo ita ce babbar alamar ciwon gajiya na ME, wanda shi ma sau da yawa yakan biyo bayan kamuwa da ƙwayar cutar bairos. A watan Oktoba 2021, NICE ta daina ba masu ME shawarar atisayen da ake ƙara nauyinsa a kan tsayayyen jadawali.

Ƙalubale

Hidimar ta bambanta daga yanki zuwa yanki. Wasu cibiyoyin suna da likitocin huhu da na zuciya, wasu kuwa gyaran jiki kaɗai suke yi, wani lokaci ta waya ko bidiyo. Majiyyata sun koka da dogon jira. Tun bayan sauyin 2024, an rufe wasu cibiyoyin, wasu kuma an haɗe su da sassan kula da masu ME, don haka taimakon da mutum zai samu ya dogara sosai ga inda yake zaune.