Yadda jirgin sama ya samu takardar zama ɗan ƙasa

Duk wanda ya taɓa raka matafiyi filin jirgi na Diori Hamani a Yamai ya ga haruffa a jikin jirage. Na Nijar suna farawa da 5U, na Najeriya da 5N, na Faransa da F. Waɗannan haruffa suna da tarihi.

A ranar 25 ga Yuli 1909 wani Bafaranshe, Louis Blériot, ya tsallaka teku da ɗan jirginsa daga Faransa zuwa Ingila. Daga nan gwamnatoci suka gane cewa abin da ke tashi sama ba ya tsayawa gaban duwan. In ya faɗo kan gonar wani, wa za a kama? An taru a Paris a 1910, aka watse ba a daidaita ba. Sai da yaƙin duniya na farko ya nuna ɓarnar da jirgi kan iya yi, sannan a 1919 aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris, wadda ta ce kowane jirgi ɗan ƙasar da ta yi masa rajista ne.

Yarjejeniyar Shikago ta 7 ga Disamba 1944 ita ce ake aiki da ita har yau. Ta hana jirgi ɗaya ya yi rajista a ƙasa biyu lokaci guda. Ta kuma lissafa abin da zai ɗauka in zai ƙetare iyaka: takardar rajista, shaidar lafiyar jirgi, lasisin matuƙa, littafin tafiye-tafiye, izinin rediyo, sunayen fasinja da jerin kaya.

Shi ya sa attajirin da ya sayo jirginsa daga waje ba zai manna masa 5U don kuɗinsa kawai ba. Sai ƙasar farko ta soke sunan jirgin daga kundinta, shi kuma ya kai shaidar mallaka ga hukumar ANAC a Yamai, masana su duba lafiyar jirgin. Har ƙaramin allo da wuta ba ta ci ake kafewa a jikinsa, ɗauke da lambar, don ko ya ƙone a san na wane ne.

Maƙwabtanmu sun ga abin da sakaci ke jawowa. A Nuwamba 2009 an tsinci ƙonannen jirgi ƙirar Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, yankin Gao. Masu bincike sun ce daga Benezuwela ya taso da hodar iblis, lambarsa kuwa ta Gini Bisau ce.

Malaman lakwal sun san wannan darasi ta wata fuska. Kowace shekara akwai yaron da ya iya karatu, amma lokacin jarrabawa a tarar ba shi da takardar haihuwa. In ƙarfen da ke yawo a sama bai tsira daga rajista ba, iyaye, mu garzaya ma'aikatar magajin gari tun jariri yana goye.