Tarihin Tantance Shaida a Binciken Ƙwarangwal ɗin Ƙwayar Halitta

Cikin 1942 ne Bruno Straub ya ware furotin da ake kira aktin daga tsoka, a Jami'ar Szeged ta ƙasar Hungari. A 1974 kuwa, Elias Lazarides da Klaus Weber, a Amurka, suka nuna zaruruwan aktin shimfiɗe cikin ƙwayoyin da ba na tsoka ba, tamkar azara mai riƙe da rufin soro. Makaminsu shi ne antibodi, watau sinadarin garkuwar jiki mai cafke furotin, tare da rini mai ƙyalli. Daga bisani, a 1992, Anne Ridley da Alan Hall suka tabbatar a Landan cewa furotin Rho da Rac ne ke ba da umarnin harhaɗa waɗannan zaruruwa.

Sai dai antibodi shaida ne da kan yi kuskure, ya cafke baƙon furotin. Maganin wannan ya samu daga dabarar da Bruce Merrifield ya fitar a 1963, ta ƙera guntayen furotin. Akan jiƙa antibodi da guntun da ya sani, har ya toshe masa baki, kana a sake gwaji. Idan ƙyallin ya ɗore, shaidar ta faɗi.

Amma ɓacewar ƙyallin ba cikakkiyar hujja ba ce, domin toshewar takan ɓoye kamun daidai da na kuskure baki ɗaya. Saboda haka masana suka ƙara da gwada antibodi a kan ƙwayar da aka raba ta da furotin ɗin ɗungurungum. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya ɓata shekaru da dukiyar jama'a yana bin sawun abin da babu shi.