Tsami da Kanwa: Waiwaye a Kan Tarihin Wasu Kalmomin Kimiyya a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Jos Jarawa da hantsi ba zai rasa ganin masu kayan miya sun kasa tsamiya da kanwa a tire ɗaya ba. Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin waɗannan kaya biyu, don nuna cewa abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira asid da alkali tsohon sani ne a wurin Bahaushe, kuma yana da kalmominsa da ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi su fara dubawa.

2.0 Kanwa a Tarihin Fatauci

Kanwa gishirin ƙasa ce da ke taruwa inda ruwa ya ƙafe. Tun kafin zuwan Turawa ake ɗebo ta daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Kawar, fatake su kawo ta ƙasar Hausa bisa jakuna da takarkarai. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa ta cikin manyan kayan da ke ratsa kasuwar birnin. Irin wannan ciniki ne ya sa harshe ya bambance jar kanwa da farar kanwa da ungurnu. Da haƙar kuza ta buɗe a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa kuma ya iso Jos daga Zariya a 1914, sai leburori da 'yan kasuwa Hausawa suka kwararo, suka zo da cimarsu da sana'o'insu. Kanwar da ke tiren Jos Jarawa gadon wannan tafiya ce.

3.0 Sanin Bahaushe

A madafa aka fi ganin wannan sani. Akwai kunun tsamiya, akwai kunun kanwa, kuma ba a haɗa su a tukunya ɗaya. In miyar yakuwa ta cika tsami, sai a jefa 'yar kanwa, a ce an "kashe tsami". In aka zuba jiƙon kanwa a ruwan tsamiya, sai ya yi kumfa, domin wata iska ce ke fita yayin da ɗaya ke cinye ƙarfin ɗaya. Zoɓo ma shaida ne: ja ne wur a cikin tsami, amma da ya gamu da kanwa sai launinsa ya juye ya yi duhu. Haka marina, kamar na Ƙofar Mata a Kano, suka san baba ba ya kama zane sai da ruwan toka, masu sabulun gargajiya kuwa da ruwan toka suke dafa mai.

4.0 Yadda Turai Ta Tsara Ilmin

Turawa ma daga toka suka faro. Kalmar alkali aro ce daga Larabci, inda take nufin tokar tsirrai. A ƙarni na 17 Robert Boyle ya yi amfani da ruwan furanni wajen bambance ɓangarorin biyu, kamar dai yadda zoɓo ke yi. A 1807 Humphry Davy ya ware sinadaran fotasiyam da sodiyam. A 1884 Svante Arrhenius na Suwidin ya gabatar da aikin da ya kai ga bayanin cewa asid shi ne mai sakin ƙwayar haidurojin a cikin ruwa. A 1909 Sørensen na Denmak ya fito da ma'aunin pH, wanda aka saba karantawa daga 0 zuwa 14: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, jiƙon kanwa kuwa ya haura 9.

5.0 Matsalar Fassara

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyar da yara da harshen uwa a azuzuwan farko na firamare, abin da ya jawo buƙatar kalmomi. A nan ake samun tuntuɓe iri biyu. Na farko, in aka aro alkali kai tsaye, a rubuce sai ta yi karo da alƙali mai shari'a, musamman inda ba a sa lanƙwasa. Na biyu, a Ingilishin Nijeriya ana kiran kanwa fotash, alhali sodiyam ne ya rinjaya a cikinta; ruwan toka shi ne mai fotasiyam. Wanda ya fassaro daga Ingilishi ba tare da lura ba zai cusa wa Hausa kuskuren da ba ta da shi, domin ita ta raba kanwa da toka tun asali.

6.0 Kammalawa

Ba a cewa kalmomin gida sun wadatar, domin akwai asid mai ƙona fata wanda ba a kusantarsa da harshe, kamar ruwan batir, kuma dole a gargaɗi ɗalibi a kan haka. Amma asalin kalmar asid kanta a Latin tsami take nufi, masana ne suka faɗaɗa ma'anarta. Saboda haka wannan takarda na ba da shawarar a gina a kan "dangin tsami" da "dangin kanwa", a kuma karɓi "kashe tsami" a matsayin sunan haɗuwarsu. Yaron da ya taso yana ganin mahaifiyarsa na jefa kanwa a miya ya riga ya ɗauki rabin darasin tun kafin ya shiga aji.