Daga Dambanas Zuwa Landan: Tafiyar Dorugu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Iddo a zamanin da jirgin Kano yake isowa cike maƙil, ya san irin samarin da kan sauko daga cikinsa, ƙunshin kaya a ka, buta a hannu, suna rarraba ido don neman wanda zai nuna musu hanyar zango. Da yawa daga cikin dattawan da muke gaisarwa yau a Agege da Idi-Araba ta wannan ƙofa suka shigo Ikko. Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal: fataucin goro ya kai shi Gwanja, neman ilmi ya kai shi gabas, aikin hajji kuma ya sa ya taka ƙasa da ƙafa har bakin Bahar Maliya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne labarin tafiyar daga bakin matafiyin da kansa. Galibi wasu ne suka gan mu a hanya suka rubuta abin da suka gani, mu kuma muka zo daga baya muna karantawa cikin harshensu.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayar wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda kafin ya cika shekara 20 da haihuwa ya ga Kukawa da Sakkwato da Tambutu, ya ƙetare Sahara da Bahar Rum, ya zauna a Jamus da Ingila, sa'an nan ya ba da labarin duk wannan da Hausa. A yau samarin Turai kan goya jaka su shiga duniya don buɗe ido, su koma gida ran da suka ga dama. Shi Dorugu da igiya aka fitar da shi daga gida, amma da ya sami kansa a hanya sai ya buɗe ido, ya kuma riƙe abin da ya gani.

Asalinsa da Shigarsa Bauta

An haifi Dorugu wajajen 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar da take cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A wancan zamani Damagaram tana bin Barno, kuma harin bayi bai bar ƙauyukan wannan yanki sun yi barci da ido biyu ba. Yana ɗan kimanin shekara 11 ko 12 mahara suka kama shi, ya bi ta hannun iyayengiji dabam-dabam har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Shehu Umar na Barno.

A Kukawa ne hanyarsa ta haɗu da ta waɗansu Turawa. Gwamnatin Ingila ta aiko da ayarin mutum uku don binciken ƙasashen da ke kudu da Sahara: James Richardson, da Jamusawa biyu, wato Heinrich Barth da Adolf Overweg. Mutanen ƙasa sun san Barth da suna Abdulkarim, Overweg kuwa suna ce masa Tabib. Richardson ya rasu a 1851 kafin ya iso Kukawa. Dorugu ya fara ne da yi wa Overweg hidima, daga baya Overweg ya fanshe shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a daɗe ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin watan Satumba na 1852, sai Barth ya ɗauki yaran biyu cikin barorinsa.

Ya kamata mu tsaya mu dubi irin 'yancin da Dorugu ya samu. Yaro ne ƙarami, nesa da danginsa, a garin da ake cin kasuwar bayi. Ya rabu da ayarin Bature a wannan hali, daidai yake da ya miƙa wuyansa ga igiya ta biyu. Saboda haka 'yancin nasa ya zama 'yancin bin Abdulkarim duk inda ya sa gaba.

Hanyar Tambutu

Ranar 25 ga Nuwamba 1852 ayarin ya bar Kukawa ya nufi yamma. Zangonsu babba na farko shi ne Damagaram, wato ƙasar da aka sato Dorugu daga cikinta. Ya shigo ta a matsayin ɗa, ya sha ruwanta, ya ji karin harshen da aka yi masa tawai da shi, sa'an nan ya wuce tare da raƙuman maigidansa. Daga nan sai Katsina, sai ƙasar Sakkwato inda Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai Gwandu. A watan Yuni na 1853 suka ƙetare Kwara a Sayi, suka bi ta Dori da duwatsun Hombori. Da suka kusanci ƙasar Fulanin Masina sai Barth ya ɓad da kama, ya ce shi Balarabe ne, domin ya san Kirista ba zai wuce nan lafiya ba. Wannan sirri yana hannun barorinsa, har da ƙaramin cikinsu, kuma babu wanda ya tona.

Sun shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853. Da asiri ya tonu, mahukuntan Masina suka nemi a kori baƙon ko a miƙa musu shi, amma Shaihu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Ƙadiriyya na zuriyar Kunta, ya tsaya tsayin daka ya ce baƙonsa amanarsa ne. Wata takwas ko fiye aka yi ana wannan ja-in-ja, har labari ya bazu a Turai cewa Barth ya mutu. Sai a 1854 suka sami fita, suka biyo gaɓar kogi ta Gawo, suka koma Sayi da Sakkwato, suka iso Kano a watan Oktoba, kana suka ƙarasa Kukawa a ƙarshen shekara.

Littafin da Barth ya wallafa kan wannan tafiya juzu'i biyar ne, kuma ya fito tsakanin 1857 da 1858. A ciki akwai zanen Dorugu da Abbega, akwai kuma ambatonsu nan da can a matsayin barori. Labarin Dorugu kuwa gajere ne, amma daga wani wuri dabam yake kallon ayarin. Barth yana lissafin nisan zango da sunayen sarakuna da farashin kaya a kasuwa. Dorugu yana maganar abin da aka ci, da wanda ya ji tsoro, da wanda ya yi fushi, da yadda gajiya take kama yaro a bayan raƙumi. Mai son ya san yadda tafiyar ta kasance ga waɗanda suka ɗaure kaya suka kunna wuta, dole ya saurari yaron.

Ƙetare Sahara da Ganin Turai

A watan Mayu na 1855 suka bar Kukawa suka bi tsohuwar hanyar Bilma da Murzuk. Wannan ita ce hanyar da aka daɗe ana kora bayi ta kanta zuwa arewa, matafiya da dama kuma sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka tarar a bakin rijiyoyinta. Da Overweg bai fanshe shi ba, mai yiwuwa ne Dorugu ya bi wannan hanya a ɗaure. Sun isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da kudancin Faransa, suka bi ta Faris, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba 1855. Bayan 'yan makonni Barth ya tafi da yaran Hambug, garin mahaifinsa.

A nan ne labarin ya juya, mai kallo ya zama abin kallo. Shekaru Barth ya yi yana duban mutanenmu yana rubutawa, yanzu ga ɗan Dambanas yana duban mutanen Barth. Ya lura da sanyin ƙasar da ƙanƙarar da ke sauka, ya lura da yawan shan tabar Jamusawa, ya kuma bayyana dalla-dalla yadda manyan Ingila suke zaman cin abincin dare: yadda ake shiga, da yadda ake zama, da yadda ake kawo abinci kashi-kashi. Abin sha'awa shi ne muryar da ya yi bayanin da ita. Bai rusuna ba, bai kuma yi ba'a ba. Yadda ya kwatanta mutanen Tambutu, haka ya kwatanta na Landan: mutane ne masu al'adunsu, waɗansu abin yabo, waɗansu abin mamaki. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma wanda ya ga sarakuna da yawa ba ya ruɗewa don ya ga ƙarin guda.

Zama da Schön da Haihuwar Littafi

A farkon 1856 Barth ya shirya wa yaran komawa gida, amma sai wani limamin mishan, James Frederick Schön, ya shiga tsakani ya karɓe su, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Schön Bajamushe ne mai aiki da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila. Ya shiga ayarin binciken Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Saboda haka samun yaro mai Hausa tun daga nono, a cikin gidansa a lardin Kent, ba ƙaramar gara ba ce a gare shi.

An yi wa yaran biyu baftisma. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa, wanda aka sa wa suna James Henry, ya zauna har 1864. A waɗannan shekaru ya yi ta zuba wa Schön kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Daga wannan aiki aka sami ƙarfin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda a cikinsa ne labarin tafiyar Dorugu ya fito. Faransawa sun ba Schön kyautar Volney a 1877, Jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884.

Ba za mu hana Schön haƙƙinsa ba, domin ba don haƙurinsa na rubutu ba da labarin ya bi iska. Amma gaskiya ita ce sunan da ke bangon littafin na mai alƙalami ne, Hausar da ke ciki kuwa ta mai baki ce. Rubutun yana da wuyar karantawa ga ɗalibin yau, saboda a lokacin ba a bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b ba. Sai dai wanda ya daure ya karanta shi da ƙarfi zai ji Hausar Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19 tana fitowa da ranta, jimla gajeruwa na bin gajeruwa, kamar yadda ake ba da labari a dandali.

Komowa

Bayan ya dawo Afirka, Dorugu ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa iri-iri. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, inda aka koya wa 'ya'yan Arewa karatun boko da Hausa. Ke nan tsohon da aka tsinci kalmomin boko daga bakinsa yana yaro, shi ne ya zauna yana koya wa yara haɗa baƙi da wasali. Ya rasu a Kano a 1912, shekarar da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Iddo da Kano.

Matsayinsa a Adabinmu

Idan muna koyar da tarihin ƙagaggun labarai mukan fara da gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Idan muna maganar labarin tafiye-tafiye kuma mukan fara da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya ziyarci Ingila a 1943, sai Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Dorugu ya riga Imam taka Landan da shekara 88. Haka kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi. Abin da Ɓalewa ya ƙaga, Dorugu ya rayu a cikinsa, ya kuma faɗa da bakinsa. Karanta littattafan biyu gefe da gefe zai amfani kowane ɗalibin adabi.

A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin cikin Ingilishi a maɗaba'ar Jami'ar Yale, suka haɗa shi da na Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Ta wannan fassara ce yawancin masu karatu suka san Dorugu. Abin kunya ne a gare mu a ce labarin da aka faɗa da Hausa sai ta Ingilishi jikokin mai labarin suke jin sa.

Kammalawa

Mun bi Dorugu daga Dambanas zuwa Kukawa da Tambutu, daga Tarabulus zuwa Hambug da Landan, har zuwa kabarinsa a Kano. Abin da ya raba shi da dubban yaran da aka kora ta waɗannan hanyoyi shi ne an sami wanda ya zauna ya saurare shi da alƙalami a hannu. Wannan ya ɗora mana nauyi biyu. Na farko, a mayar da labarinsa cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, da sunansa a bango, a sa shi cikin manhaja. Na biyu ya fi kusa da mu. A zangon Agege akwai dattawan da suka yi fataucin goro har Kumasi, da waɗanda suka je Makka ta ƙasa suka yi shekaru a Sudan kafin su dawo, kuma kowace shekara ana rage mana su. Ɗalibin da yake neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya gaishe su.